Wata uku da malamar da ta rage mini buri

Jiya muka yi zaman ƙarshe da malamar da ta yi mini jagora a bincike. Duk ta Zoom muka yi, wani lokacin ina tsaye bakin taga ina farautar sabis.

Ranar farko na zo mata da buri himili guda: zan rubuta yadda ƙirƙirarriyar basira (AI) za ta iya jefa duniya cikin bala'i irin na nukiliya ko annoba. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce wannan buhun tambayoyi ne, in zaro ƙwaya ɗaya. Wallahi raina ya sosu.

Ta sa na karanta shawarwarin UNESCO kan ɗa'ar wannan fasaha, waɗanda ƙasashe 193 suka amince da su a Nuwamba 2021, da sanarwar Bletchley kan haɗuran fasahar, ta taron 2023 a Ingila, wadda Najeriya na cikin ƙasashe 28 da suka sa mata hannu. Nan tambayata ta fito: mun sa hannu, to wa ke gwada manhajojin AI masu amsa tambayoyi da Hausa? Na shafe makonni ina yi musu tambaya ɗaya da Turanci da Hausa, ina duba inda suka ƙi amsawa da inda suka saki baki. Aiki ne mai gundura, amma nawa ne.

Batun samun aiki kuwa, ba ta yi mini romon baka ba. Ta tuna mini cibiyar nazarin makomar ɗan Adam ta Jami'ar Oxford, mai bincike kan irin waɗannan haɗura, da aka kafa a 2005, an rufe ta a 2024. Ta ce in riƙe lissafi da kyau.

Yanzu ina kan daftari na uku. Shafin farko duk ta cika shi da jan biro.