Kakana a Cikin Kaset da Kurakuran da Na Tafka

Kakana ya yi yaƙin Burma. Abin da kowa a gidanmu ya sani ke nan, daga nan babu mai iya ƙara ko kalma ɗaya. Wace runduna, wace shekara, a wane jirgi ya tafi, shiru. Da ya rasu, abin da ya rage mana shi ne lambobin yabo uku a cikin gwangwani, da ƙaramin faifan fim na Super 8 da kawuna ya ɗauka, da kaset biyu na VHS. Na ɗauki alwashin zan tono tarihinsa daga waɗannan. Na samu wani abu, amma abin da na ɓatar da hannuna ya fi wanda na samu. Shi ya sa nake so ku ƙannena ku ji inda na yi tuntuɓe.

Na fara da ɗoki. Na samo tsohuwar na'urar bidiyo, na karkaɗe ƙura, na cusa kaset na farko. Ban lura da fari-farin da ke jikin zaren ta tagar kaset ɗin ba, ashe funfuna ce. Minti bai cika ba na ji ƙarar tauna. Na zaro shi zaren a cukuikuye, kuma wurin da ya lalace har yau ban san me ke ciki ba. Kaset ɗin da ya shekara talatin a ajiye ba a gwada shi a gida. A kai shi wurin wanda zai goge zaren, ya kwafe shi zuwa kwamfuta a zagaye ɗaya. Haka faifan fim: idan kun buɗe gwangwaninsa kun ji wari mai tsami, ledar ta fara ruɓewa, ku ware shi daga sauran, ku sa shi wuri mai sanyi da bushewa, kada ku yarda a ɗora shi a majigi.

Kaset na biyu na kai shi wurin mai aiki, sai na sake yin wata wautar. Na ce masa ya yanko mini wuraren da Kaka ya fito kawai, sauran hayaniya ce. Ya ba ni minti goma sha ɗaya daga cikin awa biyu, ni kuma na bar kaset ɗin a can ban koma ba sai da aka neme shi aka rasa. Daga baya kawuna ya ce akwai wani dattijo da ya zauna kusa da Kaka a ranar da aka ɗauki bidiyon, tare suka yi soja, kuma yana tuna dattijon ya miƙe ya ƙame ya karanto lambarsa ta aiki yara suna dariya. Wannan lambar da ta ba ni bakin zaren neman bataliyarsu. Ni na sa aka yanke ta, don a ganina ba ɗan gidanmu ba ne.

Ku kwafi komai, har wurin da kyamara ke kallon ƙasa. Sau da yawa maganar da ake yi a bayan fage ta fi hoton amfani.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na gwaggo. Ita ce babbar 'yar Kaka, an haife ta kafin ya tafi, kuma tana da wayo lokacin da ya dawo. Faifan Super 8 ɗin nan ba shi da sauti, kamar yawancin irinsa. Kodak ta fito da shi a 1965, kuma ƙaramin faifai minti uku ne da 'yan kai. Mutum tara ne a ciki, ni na gane biyu. Gwaggo da ta gane su duka, da ta faɗi wanda ya auri wa, da wanda ya tafi yaƙi bai dawo ba. Na yi ta cewa bari in gama gyara hoton ya yi kyau sannan in kai mata. Sau biyu ta aiko tana tambaya: "Ina hoton Baba da ka ce?" Na ce, "Gwaggo, saura kaɗan." Rai ya yi halinsa kafin kaɗan ɗin ya cika. Ba ta buƙatar hoto mai kyau. Ko a fuskar waya na nuna mata, na kunna rikoda na ajiye a gefe, da yau ina da sunaye bakwai. Idan kun zaunar da dattijo, ku tsayar da fim a kan kowace fuska, kada ku ba shi amsa a baki, ku bar shi ya yi ta zagaye.

A wajen takardu ma na yi asarar watanni. Na duƙufa a shafin hukumar kula da kaburburan sojojin ƙasashe renon Ingila ina neman sunansa, alhali waɗanda suka mutu kawai take lissafawa, shi kuwa ya dawo da ƙafarsa ya yi jikoki. Abin dariya ne yanzu. Na kuma juya lambobin yabonsa ina neman suna a baya, ban san yawancin lambobi masu siffar tauraro da Birtaniya ta raba na Yaƙin Duniya na Biyu babu sunan kowa a jikinsu ba. Sannan sunan da muke kiransa da shi ba lallai ne shi ke rubuce ba, domin akawun soja kan haɗa sunan mutum da na garin da ya ce ya fito, ya rubuta yadda kunnensa ya ji.

Abin da ya cece ni daƙiƙa huɗu ne a cikin minti goma sha ɗayan nan, inda Kaka ya ce sun bi wani kogi, kuma daga sama ake jefo musu kaya. Na saurara ya fi sau ashirin kafin na gane Kaladan yake faɗa. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ce ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944, jiragen sama ke jefa mata kayan aiki, kuma ita da ta 82 suka kama garin Myohaung a Janairun 1945. Tauraron Burma da ke cikin lambobinsa, mai kusurwa shida da jan zane a tsakiyar ƙyallensa, ya yi daidai da haka. Kundin da bataliyoyi ke rubutawa kullum yana ma'adanar tarihin Birtaniya da ke Kew a Landan, sai dai ba kasafai yake ambatar ƙaramin soja da suna ba. Don haka a littafina na raba shafi biyu: abin da na ji da kunnena daga bakinsa, da abin da nake hasashe. Runduna ta 81 tana shafi na biyu har yanzu. Fuskoki bakwai ɗin na ba su lamba ɗaya zuwa bakwai, na tura wa duk wani ɗan'uwa da ya haura saba'in. Zuwa yanzu an gane na huɗu.