Kafin Obama ya yi suna

Yau ɗana ya tambaye ni aikin Obama kafin ya shugabanci Amurka, muka zauna dubawa. Ashe daga 1997 zuwa 2004 ɗan majalisar dattawan jihar Illinois ne. A 2000 ma ya nemi majalisar tarayya, Bobby Rush, mai riƙe da kujerar a lokacin, ya kayar da shi tun a zaɓen fidda gwani.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne dokar da ya tsaya wa a 2003, wadda ta wajabta wa 'yan sanda naɗar tambayoyin da suke yi wa wanda ake zargi da kisan kai. Aiki ne marar hayaniya, amma na tsare ya san amfaninsa. Ni dai tun ɗazu nake tunanin wace doka wanda na zaɓa ya taɓa kawowa.