Lambar Shaida ga Kowane Layi: Gyaran Jeri a Manhajar React

An miƙo mini wata manhajar intanet da wani kantin kayan masarufi yake haɗa lissafin masu saye da ita, aka ce in gano dalilin da ya sa adadin kaya yake sauya wuri. An gina ta da React, kayan aikin gina shafukan intanet wanda kamfanin Facebook ya saki ga jama'a a 2013, kuma kowane layi na lissafin ɓangare ne mai zaman kansa, ɗauke da sunan kaya, farashi, da ɗan akwatin da mai jiran kanti yake rubuta adadi a ciki. Na zuba shinkafa da sukari da man gyaɗa, na rubuta 2 a gaban shinkafa, 5 a gaban sukari, 1 a gaban mai, sannan na goge layin shinkafa. Nan take sukari ya hau sama da 2 a gabansa, mai ya gaji 5, 1 kuwa ya ɓace. Sunaye da farashi duk daidai suke, shi ya sa mai gaggawa ba zai lura ba sai kuɗi sun ƙi daidaita.

Da na duba inda ake jero layukan da map, umarnin da yake bin bayanai ɗaya bayan ɗaya yana fitar da layi ga kowanne, sai na tarar an bai wa kowane layi lambar gurbinsa, wato 0, 1, 2, a matsayin key, shaidar da React yake gane layi da ita. A nan matsalar take. React ba ya rushe shafi gaba ɗaya idan bayanai sun canja, yana gwada sabon tsari da tsohon ne, ya taɓa abin da ya bambanta kaɗai. Cikakken gwaji yana da tsada ƙwarai, domin abubuwa 1,000 za su iya cin gwaji kusan biliyan ɗaya, saboda haka ya dogara da key don sanin wane layi ne wane. Lambar gurbi kuwa ba shaida ba ce. Kamar masu bin layi ne a banki: wanda ake kira na biyu yanzu, da zarar an sallami na gaba ya zama na farko. Da aka goge shinkafa, React ya ga 0 da 1 suna nan, 2 ce babu, sai ya cire ɓangaren ƙarshe, ya sauya wa sauran suna da farashi, ya bar adadin da ke ajiye a cikin kowane ɓangare a inda yake.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan dabara tana rufe bakin gargaɗi ba tare da ta gyara komai ba. Idan ba a saka key ba, React yana koka wa mai shiryawa da jan rubutu, kuma shi da kansa lambar gurbi yake komawa gare ta. Wanda ya rubuta ta da hannu ya kashe gargaɗin ne kawai, cutar tana nan kwance.

Na fara gyaran da lambar da rumbun bayanai ya bai wa kowane kaya, matsalar gogewa ta kau. Sai dai a kanti ana iya shigar da sukari sau biyu a lissafi guda, ɗaya a farashin buhu, ɗaya a farashin mudu, kuma layuka biyu masu key iri ɗaya suna iya sa React ya maimaita ɗaya ko ya tsallake shi. Ashe layin ne yake bukatar shaida, ba kayan ba. Wani abokin aiki ya ba da shawarar Math.random(), umarnin da yake fitar da lamba ta kan mai uwa da wabi, na gwada a gabansa: duk lokacin da aka ƙara kaya, lambobin gaba ɗaya suna sabunta, React ya ɗauka layukan baƙi ne, ya rushe su ya sake ginawa, adadin da aka rubuta ya goge. Mafita ita ce a ƙirƙiri lambar sau ɗaya tak, a daidai lokacin da aka ƙara layin, a ajiye ta tare da bayanansa. Na yi haka da crypto.randomUUID(), umarnin ƙirƙirar lambar shaida ta musamman, wanda burauza ba ta bayar da shi sai a shafi mai tsaron HTTPS ko a kwamfutar gwaji ta mai shiryawa.

Akwai ƙananan ƙa'idoji da aikin ya tabbatar mini. Ana ɗora key a kan abu na waje da map yake mayarwa, ba can cikin ɓangaren ba. Bambancin da ake nema tsakanin 'yan jeri ɗaya ne, don haka jeri biyu za su iya amfani da lambobi iri ɗaya. Ɓangaren kansa ba ya ganin key ɗinsa, idan yana bukatar lambar sai a aika masa da wani suna. Ban kuma ce lambar gurbi haramun ce ba, domin na bar ta a jerin ranakun mako, wanda ba a ƙara masa, ba a rage masa, ba a kuma sake masa tsari. Batun bai tsaya a React ba, ya shafi takwarorinsa: Vue ma yana neman key tare da v-for, umarninsa na jero abubuwa, Angular 17 kuwa, wanda ya fito a 2023, ya wajabta track, makamancin key, a sabon tsarinsa na jero abubuwa.

Daga baya na mori wannan hali na React da gangan. Mai kanti ya koka cewa bayanan wanda aka sallama suna maƙalewa a fom idan an buɗe wa sabon mai saye lissafi. Maimakon in bi akwatuna ɗaya bayan ɗaya ina sharewa, sai na ɗora lambar rasit a matsayin key na fom ɗin baki ɗaya, ta yadda duk sabon rasit yake zuwa da fom fanko.