Jiƙon Baba da takardar Farfesa

Tunda na tattara kayana na bar labo, wato ɗakin binciken kimiyya, bari in amayar da abin da ya daɗe yana ci mini rai.

Aikinmu neman sinadarin magani ne a itatuwan gida: sabara, kalgo, marke, bagaruwa, maɗaci. Wani dattijo mai magani daga wajen Mirya ne ya ba mu haɗin da yake yi wa masu gudawa. Ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, wannan jiƙo ne, ba ya son wuta. A ruwan randa yake kwana." Na kai wa Farfesa, shugaban labo ɗinmu, maganar. Ko kai bai ɗago ba, ya ce, "Kimiyya muke yi a nan, ba bokanci ba." Ya sa muka baza ganyen a ranar Damagaram ta bazara, muka tafasa garin cikin alkol. Aka ɗiga a farantin ƙwayoyin cuta, ko gezau ba su yi ba.

Na koma na bi ta Baba, shanya a inuwa, jiƙo a ruwan sanyi. Washegari sai ga fili fes kewaye da ɗigon, ƙwayoyin sun kasa tsirowa. Kuma ba yau farau ba. Tu Youyou, wata mai binciken magani ta ƙasar Sin, ta karanta a tsohon rubutun likitocinsu cewa jiƙa tazargade ake yi a matse, ta gane zafi ke lalata sinadarin, ta rage wuta a 1971. Nan aka samo artemisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, aka ba ta kyautar Nobel a 2015.

Da takardar sakamakon binciken ta fito, babu sunana. Wannan na haɗiye. Amma Baba ya zama "wani mai maganin gargajiya", shi da ya gaji ilimin daga kakansa, ya ba mu ko goro bai karɓa ba. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta ce a nemi yardar masu ilimin gado, a raba amfani da su. Farfesa ya fi ni sanin haka.

Ku masu zuwa wannan aiki bayana, ku rubuta wurin ɗibar ganye da lokacinsa, domin ganyen damina daban da na rani. Ku yi hattara da bagaruwa, baurinta kan nuna ƙarfin da ba na magani ba. Littafin aikinku kuma a samu kwafinsa a gida.

Haɗin maganin ciwon shawara da Baba ya ba ni daga baya yana hannuna, kuma ba a wancan labo za a gwada shi ba.