Gida Ɗaya, Dokoki Uku: Yadda Karatun Lauya Yake ga Ɗalibin Arewa

Tun da na shiga shekarar ƙarshe a tsangayar shari'a, ƙanne da 'ya'yan maƙwabta masu shirin rubuta jarrabawar JAMB suke yawan tambayata yadda karatun lauya yake, kuma galibinsu abin da ke ransu shi ne baƙar riga da farar hular gashi da iya zuba Turanci a gaban alƙali. Tsarin karatun kansa ba shi da wuyar bayani. Shekara biyar ne ga wanda ya fara daga aji ɗaya, huɗu ga wanda aka ɗauka aji biyu kai tsaye, sannan a ƙara shekara guda a Makarantar Horas da Lauyoyi, wadda hedikwatarta ke Bwari, take kuma da rassa a wurare irin su Legas da Inugu da Yola da Bagauda ta jihar Kano. Wanda bai ci Adabin Turanci a sakandare ba, gara ya gyara wannan tukuna kafin ya sa rai. Abin da ya fi wuyar bayani shi ne irin tunanin da karatun yake nema, domin ɗalibin Arewa ba doka ɗaya yake koyo ba.

Da farko akwai dokar Ingila da muka gada, wadda ta haɗa da hukunce-hukuncen alƙalan can da kuma dokokin gama-gari da suke aiki a Ingila ranar 1 ga Janairun 1900. Saboda wannan gado ne za ka tarar da yaron da ya taso a Gumel ko Argungu ya kwana yana nazarin shari'ar wata mata a Sikotilan, wadda ta ce ta tsinci ruɓaɓɓen dodon koɗi a kwalbar lemon citta a garin Paisley, domin hukuncin da aka yanke a kanta a 1932 shi ne tushen dokar sakaci har a kotunanmu. Sai shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya, wadda jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Bayero suke koyarwa tare da waccan, ana komawa ga Risala da Muhtasar da Tuhfa, littattafan da kakanninmu suka karanta a zaure. Sai kuma dokokin gargajiya na al'ummomi daban-daban. A saman dukkansu kundin tsarin mulki na 1999 yake, wanda sashensa na farko ya ce duk dokar da ta saɓa masa ba ta da tasiri gwargwadon saɓawarta.

Yadda waɗannan suke cuɗanya ya fi fitowa fili idan aka ɗauki misalin da malamai ke son jefa mana a jarrabawa. Magidanci Musulmi ya rasu a cikin birni, ya bar mata da 'ya'ya da gida mai takardar shaidar mallaka daga gwamna. Rabon gadon na shari'ar Musulunci ne: matar tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, tunda akwai 'ya'ya, namiji kuma yana ɗaukar rabon mata biyu. Amma filin da gidan yake kai, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa shi ne a hannun gwamnan jiha amana, kuma sashe na 22 ya hana a sayar ko a jinginar da irin wannan mallaka ba tare da amincewarsa ba. To, a ce ɗaya daga cikin magada ya sayar da kasonsa kafin a raba, ɗan'uwansa ya tashi ya ce yana da haƙƙin shufa'a, wato haƙƙin karɓe kason da aka sayar ya biya mai saye kuɗinsa, maƙwabci ma ya ce shi ya fi cancanta a sayar masa. A Malikiyya shufa'a ta abokin tarayya ce a dukiyar da ba a raba ba, maƙwabci ba shi da ita, saɓanin abin da Hanafawa suka tafi a kai. A kan batun shufa'a ɗin ne Kotun Ƙoli ta yi hukunci a shari'ar Alkamawa da Bello a 1998, inda ta bayyana cewa shari'ar Musulunci ba dokar gargajiya ba ce, domin ba ta wata ƙabila ba ce.

Duk da haka, ɗalibin da ya zayyano waɗannan hukunce-hukunce daidai zai iya rasa rabin makinsa idan bai faɗi kotun da ke da hurumi ba. Sashe na 277 na tsarin mulki ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ga al'amura irin su aure da riƙon yara da wakafi da kyauta da wasiyya da gado. Idan rigimar ta tashi daga rabon gado ta koma jayayya kan wanda ya mallaki fili ta hanyar ciniki, to ta fita daga hannunta, kuma an sha rushe shari'ar da aka shafe shekaru ana yi saboda wannan kawai, a ce a koma a faro daga tushe. A ganina wannan ne darasin da ya fi kowanne tsada, kuma shi ne wanda ɗalibai suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, saboda ba ya da daɗin karantawa kamar dokar laifuffuka.

Hatta hanyar kafa hujja ba ɗaya ba ce. A Babbar Kotu, ƙarƙashin Dokar Shaida ta 2011, mai ƙara yana iya shiga akwatin shaida ya yi rantsuwa ya ba da shaida a kan ƙararsa. A tsarin Malikiyya kuwa maganar mai ƙara da'awa ce kurum, sai ya kawo shaidu, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. Alƙalin Babbar Kotu yana ɗaure da hukuncin kotun da ke sama da shi, malamin fiƙihu kuma nassi yake bi da mashahurin zance na mazhaba. Wanda Larabcinsa ya yi rauni, a nan yake fara shan wuya, domin fassarar da ke yawo a hannun ɗalibai ba ta ɗauke masa komawa ga asalin littafi.

Akwai abu guda da nake ganin ana gaggawar wuce shi a aji, wato tarihin Finalkod, dokar laifuffuka ta Arewa. Muna haddace sassanta kamar daga sama ta faɗo, alhali sulhu ce da aka ƙulla gab da samun 'yancin kai. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, aka tsara dokar bisa samfurin ta Sudan, wadda ita ma ta samo asali daga ta Indiya ta 1860, ta fara aiki a 1960. Shi ya sa ta tanadi hukunci kan zina da shan giya ga Musulmi, abin da babu shi a dokar laifuffuka ta Kudu. Da Zamfara ta kafa nata kundin hukunta laifuffuka na shari'ar Musulunci a farkon shekarar 2000, jihohi goma sha ɗaya suka bi sahu wajen faɗaɗa aiki da shari'ar, Finalkod ba ta gushe ba, kotunan majistare da manyan kotuna suka ci gaba da aiki da ita. Saboda haka a jiha ɗaya, sata iri ɗaya tana iya samun hukunci iri biyu, gwargwadon kotun da aka gurfanar da wanda ake tuhuma.