Laraba: bishiyar da Auta ya nuna mana

Tun goma na safe zafin Makka ya kulle mu a gida, waya tana nuna 44. Wankin da na shanya a saman bene kafin in gama dafa shinkafa ya bushe ƙamas kamar kilishi.

Bayan la'asar Auta ya kira ta bidiyo daga Ohio, su can safiya ce. Ko gaisuwar kirki bai gama ba ya ce, "Yaya, ba Hajiya wayar, akwai abin da nake so ta gani." Sai ya juya kyamara.

Wata ƙatuwar bishiya ce a ƙofar gidan da yake haya, ta yi fari fat da fure tun daga sama har ƙasa, ƙarƙashinta kuma kamar an zazzage buhun auduga. Ya ce katalpa ake ce mata, 'yar asalin Amurka ce, kuma daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni take wannan kwalliya, mako biyu zuwa uku ta gama. Ya tsinko fure ɗaya ya kawo daf da kyamara. Ashe ba fari ne zalla ba, cikinsa akwai ɗige-ɗigen shunayya da layi biyu rawaya, bakinsa a tattare kamar an yi masa aikin leshi. Ganyen kuwa da ya ɗora a fuska sai da ya rufe shi har kunnuwa.

Ni ganyen ne ya tafi da ni. Na ga jakaranda a Abha shekarar da muka je hutu, kyau kam ba a magana, amma inuwarta shara-shara ce, rana na ratsa ta. Darbejiyar Arfa kuma akwai inuwa, furenta ne sai ka lura za ka gani. Wannan ta haɗa biyun. Auta ya shiga ƙarƙashinta hoton ya yi duhu.

Hajiya ta sa tabarau, ta daɗe tana kallo. Abin da ya ja idonta busassun 'ya'yan bara ne da ke reto, dogaye sirara kamar tsinken wake, wasu sun kai kamu ɗaya. Ta ce, "Kai, wannan ai 'yar'uwar sansami ce." Sansamin bayan gidansu a ƙauye, mai fure ja-ja da rani lokacin da ba ganye ko ɗaya a jikinsa. Na yi dariya na duba a waya, sai ga shi dangi ɗaya ne, su da jakaranda har da rahaina. Shekara arba'in rabonta da ganin sansami. Na kama bakina.

Auta ya ce maƙwabcinsa kullum mita yake, wai furen na manne masa a gilashin mota. Akwai kuma wata tsutsa mai cin ganyenta, masu kamun kifi nemanta suke ido rufe don sa wa a ƙugiya.

Kafin a yi sallama Hajiya ta ce ya taho mata da irin. Na ce, "Hajiya, bishiyar da ta saba da ƙanƙara, ina za ta kai da zafin nan?" Ba ta tanka ba. Da na je kicin bayan isha'i, na tarar ta wanke gwangwanin madara ta huda masa gindi, ta kife shi a bakin taga.