Godiya ga waɗanda suka tsaya mana har yarinyar nan ta samu Zariya

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, 'yata ta fari ta samu gurbin karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, sashen injiniyan lantarki. Jiya da la'asar ta amince da gurbin a shafin CAPS na JAMB, muka bugo takarda. Tun daga lokacin wayata ba ta huta ba, kuma ba zan iya bin kowa gida-gida ba, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan.

Wanda ya san ni ya san naɗin koyil da gyaran janareto ne sana'ata, boko kuwa ban wuce aji uku na sakandare ba. Yarinyar nan tun tana firamare take zuwa shago ranar Asabar tana miƙo min sifana, tana tambayar abin da ya sa koyil ke ƙonewa. Da ta ce injiniya take son zama ban yi mamaki ba. Abin da ban sani ba shi ne yadda ake zaɓar makaranta. Ni dai na ga wata sabuwar jami'a mai ƙaton get da gine-gine masu sheƙi, na ce nan za ta cike. Ta bi maganata ta cike.

Godiyata ta farko ga Baba Injiniya na layinmu ce, wanda ya yi ritaya tun ana kiran hukumar lantarki NEPA. Bayan sallar asuba na ba shi labari ina washe baki, sai ya ce, "Malam, ka duba ko COREN ta tantance kwas ɗin?" Wallahi ranar na fara jin sunan. Ya zaunar da ni a kan dakali ya fayyace min: amincewar hukumar jami'o'i ta NUC daban, ta COREN daban, kuma COREN ce ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya. Sashe-sashe ake tantancewa, ba makaranta dungurungum ba. Muka sa aka duba, kwas ɗin da muka cike ba ya cikin jerin. Shekara biyar ake yi a karatun injiniya. A ce yarinya ta ƙare shekara biyar, ta fito, rajista ta gagara! Daren nan ban runtsa ba.

Baba bai tsaya nan ba. Ya lissafo mana Bayero a nan Kano, da ta Wudil, da Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauci, da ta fasaha a Minna, da Zariya, ya ce duk inda za mu duba mu nemi ganin ɗakin gwaje-gwaje, mu tambayi ɗaliban aji huɗu inda suka yi wata shida na koyon aikin SIWES. Da motarsa da mansa ya kai mu Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take. A hanya yake ba mu labarin cewa tun kafin a buɗe jami'ar a 1962 akwai kwalejin kimiyya da fasaha a wurin, ita aka gada. Ni ban fahimci rabin na'urorin da aka nuna mana ba, amma na ga inda yarinyar ta tsaya ta ƙi motsi, gaban wata tiransifoma da aka buɗe cikinta. A mota ta ce, "Abba, nan nake so." Baba Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Malamin Fiziks ɗinta, wanda ya riƙe su da darasin yamma wata huɗu bai karɓi ko sisi ba, har ta haɗa Lissafi da Kemistiri da Turanci ta ci 271 cikin 400 a jarrabawar JAMB: Malam, ba mu da bakin gode maka. Haka yaron cibiyar JAMB da ya yi mana canjin makaranta kafin a rufe, da Kawunta na Sabon Garin Zariya da ya sauke ta lokacin tantancewar jami'a, da abokan sana'a da suka yi min karo-karo ban roƙa ba.

Sai mahaifiyarta. Ita Bayero ta so, don yarinya ta riƙa kwana a gida, kuma ba ta yi laifi ba. Mun kai sati biyu muna ja. Ranar da ta ce "Allah ya sa haka ne mafi alheri" na san an gama. Na gode, Maman yara.

Masu cewa lantarki ba aikin mace ba ne, na ji, kuma ban riƙe kowa ba. A dai sa ta a addu'a. Ranar Juma'a bayan la'asar akwai 'yar walima a ƙofar gida, kowa ya zo. Baba Injiniya ya riga ya ce kujerar gaba tasa ce.